Gidan kallon ƙarfe ɗayan dare

Gidajen kallon ƙwallo a Maradi sun fi gaban a ƙirga. Daga Sabon Gari har Ali Ɗan Tsoho, duk lungun da ka kutsa ranar Asabar da maraice za ka ji ihun 'yan Barsa da 'yan Madrid yana fitowa daga wata rumfar kwano. Amma wanda zai buɗe maka ƙofa ƙarfe ɗayan dare don ka ga ƙwallon kwandon Amurka, wato NBA, guda ɗaya na sani a garin nan, a unguwar Zariya, kuma kakar wasa biyu ke nan ina kwana a kan bencinsa. Mutane da dama sun tambaye ni ko wurin ya kai a hana ido barci dominsa. Shi ya sa na zauna in rubuta abin da na sani, da daɗinsa da rashin daɗinsa, da kuma wata magana da ta tsaya mini a rai tun watan Yunin 2025.

Wurin ba shi da suna a rubuce. Alamarsa wani baƙin allo ne irin na 'yan lakwal, a jingine a bakin ƙofa. Kullum bayan la'asar yaron gidan zai goge shi da jiƙaƙƙen tsumma, ya rubuta wasannin daren da alli, kowanne da lokacinsa a agogonmu na nan. Ƙaramin abu ne, amma yana da amfani ƙwarai, don lissafin lokacin NBA yana rikita mutane. Wasan da aka fara ƙarfe takwas na dare a New York, a wurinmu ƙarfe ɗaya ne. Daga Nuwamba zuwa Maris kuwa, da suka mayar da agogonsu baya, sai ya koma ƙarfe biyu. Na yammacin Amurka, irin su Lakers da Golden State, wani lokaci sai uku da rabi ko huɗu da rabi ake cilla ƙwallo sama, a kira assalatu ana tsakiyar wasa. Akwai masallaci a bayan rumfar. Yaron yakan kashe muryar tele, mu je mu yi salla mu dawo mu ƙarasa.

Kuɗin shiga dala talatin ne, a kuɗinmu na sefa. In an shiga wasannin neman kofi, daga tsakiyar Afrilu, ya koma dala arba'in. Mai son biyan wata gaba ɗaya jikka biyu ne, kuma ni haka nake yi.

Rumfar tana ɗaukar mutum hamsin in an matsu, amma daren kwando da wuya mu wuce ashirin sai a ƙarshen kaka. Tele biyu ce. Babbar tana gaba, hotonta garau, har daga bencin baya kana karanta agogon daƙiƙa 24 da ke saman kwando. Ƙaramar tana gefe, ita ake sa wa wasa na biyu in biyu suka zo lokaci ɗaya. Sharhi galibi da Faransanci ne, wani dare da Ingilishi. Abin da ya fi ɗaga darajar wurin a wajena shi ne wuta. Tun 2023, lokacin takunkumi, da wutar da ke zuwa mana daga Najeriya ta yanke, Alhaji mai wurin ya sa farantan sola a kan rufi da manyan batura biyu, ga kuma ɗan gurup a ajiye a baya. Cikin kaka biyu, sau ɗaya tak wasa ya wuce mu saboda kuran, wato wutar lantarki. A ƙofa akwai mai shayi da ke kaiwa asuba duk daren da ake wasa, da burodi da ƙwai. Da azumin 2025 ya ƙara da kunu da ƙosai, kuma a nan muka yi sahur ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba.

Aibin wurin ma ba ɓoyayye ba ne. Bencinan ba su da majingina. Wasan NBA minti 48 ne a takarda, amma da hutu da talla da tsayawar alƙalai yakan ci awa biyu da rabi, kuma kafin a tashi bayanka ya gaya maka. Fanka biyu ce, ɗaya ta mutu tun bara ba a gyara ba, ga kwanon rufi da ke riƙe zafin rana har tsakar dare a Afrilu da Mayu. Makewayi babu fitila, buta kuma sau da yawa babu ruwa. Wanda ya fi ci mini rai shi ne samarin nan masu buga caca a waya. Ba ruwansu da wasa, maki kawai suke jira, kuma da yake wayarsu tana riga tele da 'yan daƙiƙu, sai ka ji an yi ihu ƙwallo tana hannun ɗan wasa bai ko jefa ba. Yaron yana yi musu magana, su yi shiru minti biyar su koma. Sai kuma abin da na sha roƙo ba a yi ba: ranar Lahadi akan sami wasan da ake farawa da wuri, wajen bakwai ko takwas na yamma a nan, lokacin da 'yan matan da ke buga kwando a makarantunmu za su iya zuwa da yayyensu su ga wasan gaske ko sau ɗaya. Ƙwallon ƙafa ce ke cinye tele biyun a wannan lokaci, kuma Alhaji ya ce can ne kuɗin yake. Na san gaskiya ya faɗa. Duk da haka ƙaramar tele ɗaya ba za ta karya shi ba.

In aka ce in faɗi abu guda da ya mayar da wannan rumfa abin da ta zama, zan ce yaron gidan ne. Shekarunsa ba su fi ashirin da biyu ba. Ya bar kwaleji shekarar da mahaifinsa ya rasu, ya zo yana shara da karɓar kuɗin ƙofa a wasannin rana. Shi ya roƙi Alhaji a bar shi ya riƙa buɗewa da dare. Watannin farko mu uku ne ko huɗu, wani daren ni da shi kaɗai, kuɗin da ya shigo bai kai na man gurup ba. Bai fasa ba. Yana da wani littafi mai shuɗin bango da yake rubuta matsayin ƙungiyoyi 30 duka, da wanda ya ji rauni, da wanda aka yi musayarsa. In koci ya nemi ɗan hutu, aka nuna shi durƙushe a gaban 'yan wasa yana zane a ɗan allonsa, sai yaron ya ɗaga murya ya ce a yi shiru. Shi ya koya wa rumfar nan kallon koci. A sauran wurare abin da ake jira a gani shi ne wanda ya tashi sama ya danna ƙwallo cikin kwando. A nan sai ka ji an ce, "Mushe, ka ga yadda ya ja dogon nan waje don hanya ta buɗe?"

Mushe yake ce mini, don ni malamin motsa jiki ne, ɗan kwantiragi, shekara tara ke nan, kuma da maraice ina horar da yara kwando a wani filin siminti da ya tsattsage.

Akwai daren da ba zan manta ba. Laraba ce wayewar Alhamis, 22 ga Mayun 2025 a wurinmu, karawar farko ta wasan ƙarshe na yankin gabas, New York Knicks da Indiana Pacers a Madison Square Garden. Rabon Knicks da kaiwa wannan mataki tun shekarar 2000, kuma sun iso ne bayan sun fitar da Boston mai riƙe da kofi. Mu goma sha bakwai ne a rumfar, zufa kamar an watsa mana ruwa. Saura ƙasa da minti uku, Knicks na gaba da maki 14. Mutum biyar suka miƙe suka karkaɗe riga, ɗaya ya ce ai an gama, gara a je a ɗan runtsa. Ba su kai bakin titi ba kuran ya tafi. Cikin duhu abin da na ji shi ne ƙarar silifas ɗin yaron. Ya cije tocila a baki, ya tsallake benci biyu, ya juya makunni zuwa batir. Dekoda ta ɗauki kamar daƙiƙa arba'in tana lalube, kowa ya ƙura wa shuɗin allon ido. Da hoto ya dawo, Aaron Nesmith na Indiana ne ke jefa mai maki uku. Ta shiga. Ya sake, ta shiga. Shida ya zura a zangon ƙarshe kaɗai. Yaron ya leƙa waje ya ƙwala wa waɗanda suka fita kira, suka dawo a guje, ɗaya takalmi a hannu. Saura 'yan daƙiƙu Knicks na gaba da maki biyu, Tyrese Haliburton na Indiana ya kutsa ciki, ya ja da baya, ya jefa. Ƙwallo ta bugi bayan zobe, ta tashi sama har ta kusa fita daga hoto, ta dawo ta faɗa ciki. Yatsan ƙafarsa na kan layi, aka ba shi maki biyu, 125 da 125. A ƙarin lokaci Indiana ta ci 138 da 135. Wani dattijon tela da ke zama a gabana, ɗan Knicks tun zamanin tsohon tauraronsu Patrick Ewing, ya cire hularsa ya aza a gwiwa, bai ce uffan ba har muka watse.

Indiana ta ƙarasa su ranar 31 ga Mayu, huɗu da biyu, Pascal Siakam ɗan Kamaru ya karɓi kyautar gwarzon zagayen. Babu wanda ya ga abin kunya ga Knicks a nan. Ƙungiya ce da ta ci wasa 51 cikin 82, ta kai inda ba ta kai ba cikin shekara 25.

Ranar Talata 3 ga Yuni, gari na ta hada-hadar ragunan layya, na fito daga sallar isha'i wayata ta yi ƙara. Yaron ne.

"Mushe, sun kori tsohon nan."

"Wane tsoho?"

"Thibodeau. Yanzu na gani."

Babu wasa a daren, amma kafin ƙarfe goma mu bakwai mun taru a bencin mai shayi. Tela ya zo, da wani ɗalibin jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da ba ya fashin zuwa, da wani tsohon soja da ya buga kwando a Yamai da ƙuruciyarsa. Tom Thibodeau ya karɓi Knicks a 2020 tana cikin ƙungiyoyin da ake yi wa dariya, a shekararsa ta farko aka zaɓe shi gwarzon koci, ya kai su wasannin neman kofi sau huɗu cikin shekara biyar, a 2024 suka tsawaita masa kwantiragi. Kwana uku bayan wasa mafi girma da suka buga cikin kwata na ƙarni, aka sallame shi.

Yaron ya ɗauko shuɗin littafin nan ya buɗe wani shafi a ƙarƙashin fitilar mai shayi. Ya jera sunayen masu horarwar da suka ɗauki kofi daga 2019 zuwa 2023, ya ja wa huɗu jan layi. Nick Nurse ya ci da Toronto a 2019, aka kore shi a 2023. Frank Vogel ya ci da Lakers a 2020, aka kore shi a 2022. Mike Budenholzer ya kawo wa Milwaukee kofin farko cikin shekara 50 a 2021, daren da tauraronsu Giannis ya zuba maki 50. A 2023 ƙungiyarsa ta fi kowa cin wasa, 58, Miami ta fitar da su a zagayen farko, aka ce masa ya kama gabansa. Michael Malone ya ba Denver kofinta na farko a tarihi a 2023, shekara goma yana tare da su, babu kocin da ya kai shi cin wasa a ƙungiyar. Ranar 8 ga Afrilun 2025, saura wasa uku a rufe kaka, suna kan hanyar shiga neman kofi, aka sallame shi tare da manajan da ba sa ga maciji da juna. Steve Kerr na Golden State kaɗai ya rage babu jan layi.

Tsohon sojan ne ya kawo labarin Dwane Casey, kuma shi ya fi daɗewa a bakinmu, don akwai ɗan arewa a ciki. A 2018 Toronto ta ci wasa 59, abin da ba ta taɓa yi ba. LeBron James da Cleveland suka share su huɗu da babu a zagaye na biyu. A watan Mayu aka kori Casey, a watan Yuni ya hau dandali ya karɓi kyautar gwarzon koci na shekara a kan aikin da aka riga aka raba shi da shi. Wanda ya kore shi Masai Ujiri ne, shugaban ƙungiyar, wanda ya tashi a Zariya ta Najeriya, garin da unguwar nan tamu ke amsa sunansa. Ɗalibin jami'a ya ce to ai Ujiri bai yi kuskure ba: ya ɗaga Nurse daga mataimaki, ya ba da DeMar DeRozan ya karɓo Kawhi Leonard, shekara ta zagayo suka ɗauki kofi. Ya ƙara da cewa Golden State ta kori Mark Jackson a 2014 bayan ya ci wasa 51, Kerr ya zo ya ci kofi a shekarar farko. Cleveland ta kori David Blatt a Janairun 2016 suna da nasara 30 rashin nasara 11, Tyronn Lue ya karɓa ya ci kofi cikin wata biyar.

Ban musa masa ba, don duk abin da ya faɗa haka ya faru. Waɗannan labarai uku su ne ke hana masu ƙungiyoyi haƙuri. Kowa yana ganin shi ma sauyi ɗaya ya rage masa. Amma ba a cika tuna sauran ba. Milwaukee ta kori Adrian Griffin a Janairun 2024 yana da nasara 30 rashin nasara 13, kuma tun daga nan ba ta wuce zagayen farko ba. Phoenix kuwa, tun da Mat Ishbia ya saye ta a farkon 2023, ta kori Monty Williams a shekarar, ta kori Vogel a 2024, ta kori Budenholzer a 2025: koci uku cikin shekara uku, biyu daga ciki masu zoben kofi a hannu, kuma ƙungiyar baya take ta yi. Wanda ya canza direba sau uku mota ba ta tashi ba, ya kamata ya buɗe inji ya duba.

Dalilin da ya sa koci ne ke fara tafiya ba ɓoyayye ba ne. NBA na da ƙa'idar iyakar albashi. Ƙungiyar da ta wuce wani mataki tana biyan tara, kuma tun yarjejeniyar 2023 tsakanin hukumar gasar da ƙungiyar 'yan wasa, wadda ta zarce mataki na sama ana ɗaure mata hannu wajen musayar 'yan wasa. Kwantiragin manyan 'yan wasa tabbatacce ne, ko sun yi ƙoƙari ko ba su yi ba. Albashin koci kuwa ba ya cikin wannan lissafi. Ba za ka sami wani Jokić, tauraron Denver, ko wani Giannis a kasuwa ba, amma kujerar babban koci 30 ce kacal a gasar, masu jiranta sun fi ɗari. In mai ƙungiya yana son ya nuna wa jama'a da tauraronsa cewa ya motsa, abin da ya fi sauƙin taɓawa shi ne mutumin da ke tsaye a gefen fili. Nasara ma kanta tana zama masa tarko. Wanda ya saba da kashi yana gode wa wanda ya kai shi zagaye na biyu. Da ya ɗanɗana wasan ƙarshe, zagaye na biyu ya zama faɗuwa. Thibodeau yana da nasa laifin, ban ɓoye ba: yana gajiyar da manyan 'yan wasansa, Josh Hart da Mikal Bridges na cikin waɗanda suka fi kowa daɗewa a fili a kakar 2024-25, na benci kuma suna ta zaman jira. Amma da wannan halin aka ɗauke shi, da shi ya kai su inda suka kai, da shi aka tsawaita masa kwantiragi.

Tela, wanda bai yi magana ba tun zuwansa, ya ajiye kofin shayi ya dube ni.

"Malam, ku bar tausayin mutanen nan. Kora da miliyan 65 ai ba kora ba ce."

Monty Williams yake nufi. Bayan Phoenix, Detroit ta ɗauke shi shekara shida a kan dalar Amurka miliyan 78.5, suka sha kashi 28 a jere, suka ƙare kaka da nasara 14, aka sallame shi bayan shekara ɗaya ana bin su sauran kuɗinsa kusan miliyan 65. A kuɗinmu ya haura miliyar 35 na sefa. Na ce masa, "Baba, a nan ka fi ni gaskiya." Ba zan haɗa ɗan abin da ake ba mu a ƙarshen wata, in ma ya zo a kan lokaci, da irin wannan dukiya ba. Sai dai in babban koci ya tafi, yakan tafi ne da mataimakansa da masu yanka masa bidiyo, kuma su ba miliyoyi suke ɗauka ba. Sannan akwai abin da kuɗi ba ya biya, wanda na sani da jikina.

Shekara uku da suka wuce ina riƙe da 'yan matan wata makaranta a garin nan. Na same su ba su iya ko tura ƙwallo da hannun hagu ba. Ƙwallo biyu gare mu, ɗaya tana sacewa, sai an yi mata famfo kowane minti ashirin. Na bi gida gida ina roƙon iyaye su bar su su riƙa zuwa da maraice, na yi alkawarin kowa za ta koma gida kafin magariba, kuma ban taɓa saɓawa ba. Shekara ta uku muka ci gasar makarantu. Daraktan da ya tsaya mini a duk wannan aka yi masa canjin wurin aiki da hutun damina. Da aka koma lakwal, wata yarinya daga cikinsu ce ta same ni a bakin ƙofa, idonta a ƙasa, ta ce, "Mushe, an ce gobe ba kai za ka zo ba." Babu takarda, babu kira zuwa ofis. Sabon darakta ya ba wani malami ƙungiyar. Kofin yana nan a kan kabad ɗin ofishinsu, ina ganinsa ta taga in na wuce.

Tun daga nan na daina yarda cewa nasara ce ke riƙe mai horarwa a kan kujera. Abin da ke riƙe shi shi ne wanda ke samansa, in ya yarda da shi kuma ya daɗe a wurin. Dubi waɗanda suka daɗe a NBA. Gregg Popovich ya riƙe San Antonio daga 1996 har watan Mayun 2025 da rashin lafiya ta sa ya sauka, da kofi biyar. Shi ne manajan ƙungiyar lokacin da ya hau kujerar, wato babu mai raba shi da masu gida. Erik Spoelstra ya shiga Miami a 1995 yana yaro mai yanka bidiyo, ya zama babban koci a 2008. A 2010, da LeBron ya zo suka fara kaka da nasara 9 rashin nasara 8, duniya ta yi ta kiran a cire shi. Pat Riley, shugaban ƙungiyar, ya ƙi. Ya ci kofi biyu bayan haka, kuma har yau shi ne a wurin. Da wani ne a saman Spoelstra a wancan Nuwamba, da yanzu sunansa na cikin masu jan layi a littafin yaron nan.

Abin bai tsaya kan masu horarwa ba ma. A ƙarshen Yunin 2025 Toronto ta rabu da Ujiri kansa bayan shekara 12. Knicks kuma suka ɗauki Mike Brown, wanda mu a nan muka fi sani da daren Yulin 2021 da ya jagoranci 'yan Najeriya suka doke Amurka 90 da 87 a Las Vegas. Shi ma an zaɓe shi gwarzon koci a 2009 da Cleveland, aka kore shi a 2010. An sake zaɓensa a 2023 babu ko ƙuri'a ɗaya da ta tafi wani wuri, bayan ya fitar da Sacramento daga shekara 16 ba ta shiga neman kofi ba, aka kore shi a Disamban 2024. Ya san kujerar da ya hau.

To, in koma kan rumfarmu. Wanda ya tambaye ni ko ya zo, ina ce masa ya zo. Dala talatin ba ta yi yawa ba ga hoto mai kyau, wutar da ba ta yankewa, da mutanen da suka san abin da suke kallo. Ya taho da maganin sauro in damina ce, da bargo in ɗari ne, ya zauna a bencin tsakiya ta hagu inda fanka mai rai take, nesa da 'yan caca. Amma akwai abin da dole in faɗa, don yabon da na yi wa wurin a kansa ya rataya.

Wasannin ƙarshe na 2025, Oklahoma City da Indiana, sun kai har karawa ta bakwai, kuma a daren nan rumfar ta cika har waje, mutane na leƙe ta tsakanin kwano. Alhaji da kansa ya zo ya tsaya a ƙofa, karo na farko da na gan shi a wurin da dare. Sati biyu bayan haka yaron ya gaya mini, yana kallon gefe, cewa daga Oktoba ɗan yayar Alhaji da ya dawo daga Yamai ne zai riƙe mabuɗi da akwatin kuɗin dare. Shi kuma ya koma shara da ƙofar wasannin rana.

Na sami Alhaji a shagonsa a babbar kasuwa, tsakanin buhunan shinkafa. Muka gaisa, ya sa aka kawo mini ruwa.

"Alhaji, alfarma na zo nema, kuma ba tawa ba ce."

"Na san mi ya kawo ka, Malam. Yaron nan ba korarsa na yi ba. Wancan ɗan yayata ne, uwarsa ta kawo mini kuka, shekara biyu yana zaune. Ƙaƙa zan yi?"

Ban ga mugunta a maganarsa ba, kuma ba zan ce mugu ne ba. Mutumin da ya zuba kuɗinsa a batura don mutum huɗu su ga wasa, ya cancanci a faɗi alherinsa. Na ce masa zumunci wajibi ne, ya ba ɗan yayarsa akwatin kuɗi in yana so, amma ya bar wa yaron allo da dekoda da mabuɗi, ya kuma yanka masa wani abu a cikin kuɗin dare, tunda shi ya tara mutanen. Na ce mu da muke biyan wata a shirye muke mu ƙara dala ashirin-ashirin in abin ya kai ga haka. Na riga na tambayi tela da tsohon soja, sun amince. Ya daɗe yana juya carbi.

"Bari damina ta wuce, Malam. Allah shi kai mu."

Iyakar abin da na samu ke nan. Allon yana jingine a bakin ƙofa, wasannin ƙwallon ƙafa ne a kai yanzu, da rubutun yaron. Shekaranjiya na biya ta wurin bayan magariba na tarar da shi zaune a kan buhun gawayin mai shayi, ya sayi sabon littafi, shi ma mai shuɗin bango. Ya riga ya ja layuka ya jera ƙungiyoyi 30, kowace da sunan kocinta a gefe da fensir. Ya tambaye ni ko ina da bidiyon Sacramento na 2023 a wayata, yana son ya ga yadda Brown ke tsara kai hari kafin Oktoba. Na ce zan nemo in kawo masa ranar Juma'a.